Rumfar da Aka Yi Don Baƙi

Da sunan Allah na ɗauki wayar nan, ina kuma gaishe ku masu haƙurin jira. Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto wai jan aji nake yi, saurayi kamar Abdul'aziz yana bina ni kuma ina ta kawo zancen yaran mutane. 'Yar uwa, na gode, kin yi magana irin ta Innata sak. Ki karanta na yau har ƙarshe, in kin gama sai ki sake yanke mini hukunci.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Sahura. Ƙauyenmu yana cikin kwamin ɗin Kiyeshe, ƙaramar hukumarmu ke nan, kudu da Dogon Dutsi. Ni ce malamar jardan ɗin garinmu, wato ajin ƙananan yaran da ba su isa shiga lakwal, makarantar firamare, ba. Malama ɗin ma don daɗin baki ne. Burebe kawai gare ni, shaidar ƙaramar sakandare, babu takardar koyarwa, babu albashi. Wata ƙungiya ce ta buɗe ajin, ta kawo tabarmi da alluna, ta ɗauki hotuna, wa'adinta ya cika ta kama gabanta. Tun daga nan abin da nake samu shi ne tiyar hatsi bayan girbi in damina ta yi kyau. In ba ta yi ba, sai “Allah shi biya ki”, kuma wannan kam ina da ita buhu-buhu.

Da farko cikin rumfar kara muke karatu kamar kowa. Bayan gobarar nan da ta ci yara a ajin kara, wadda duk ƙasa ta yi kuka, aka ce an hana zaunar da 'yan jardan a cikin kara. Ni abin ya tsaya mini a rai, na daina barci sosai. Da Babana ya rasu sai na roƙi Inna ta ba ni ɗakinsa na bakin zaure. Ginin ƙasa ne, ƙofarsa na kallon hanya, akwai taga guda, akwai kuma tsaga a bangon gabas da tsaka ke leƙowa ta ciki yara su yi ta ihu. Da shuni da farar ƙasa na rubuta haruffa a bangon, na zana raƙumin da kowa ya ce tunkiya ce. Ƙasa da shi kowane yaro ya tsoma tafin hannunsa a shuni ya manna. Mafi ƙanƙanta a cikinsu na Husna ne, yarinyar da ta zo mini ba ta magana, uwarta har ta fara cewa iska ce ta taɓa ta. A ɗakin nan ta fara cewa “Madam”, ni kuma na juya baya na share hawaye da hijabi.

Na gaya wa mutanen gari dalilin komawarmu ɗakin tun a lokacin. Amma a garinmu doka abu ce da ake ji a rediyo, ta mutanen Yamai ce. Baba Ɗan'azumi, ƙanin mahaifina, wanda shi ne shugaban kwamitin iyaye, bai taɓa wucewa ta ƙofar ba sai ya girgiza kai ya ce, “Ɗakin ga ya tsuhwa, Sahura. Abin kunya ne baƙo shi gan shi.”

Shi kuwa Abdul'aziz shagonsa na cikin kasuwar Dutsi, fitilun sola da cajar waya yake sayarwa. Dogo ne, wandonsa ba ya taɓa idon sawu, gemunsa kullum a taje, ga ƙamshin turaren da yake sa wa jallabiya wanda kan rigaye shi shiga zaure. Ina son sa, kada wani ya yi mini fassara. Sadaki tun bara yake hannun Baba Ɗan'azumi, abin da ya rage kawai in buɗe baki in ce a sa rana. Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: a bari jardan ya tsaya da ƙafarsa. In na tafi Dutsi yau, gobe yaran nan sun koma bin awaki da goyon ƙanne.

Inna ta gaji da wannan amsar. “Shekarun ga da kika ta aikin banza, wa yab ba ki ko sabulu?” Haka take cewa tana tankaɗe, ba ta ko kallona. “Tsaranki duk suna da goyo, ke kina hyace majinar ɗiyan wasu.”

Sai ga labari ya zo cewa bana gwamnati za ta karɓi kaɗan daga cikin jardan na ƙauyuka ta riƙe su da kanta: kayan aiki, gyaran aji, da albashin malami. Kaɗan na ce, don kuɗin ba su isa kowa ba. Wanda aka tsallake sai ya jira wata shekara, in akwai. Aka kira mu horo a Dutsi, aka ce ranar Alhamis masu dubawa za su biyo ta garinmu. Daga masaukina na yi wa Baba Ɗan'azumi vokal, wato saƙon murya: “Baba, baƙi za su zo ran Alhamis da safe. A share wuri, a tara yara.” Iyakar abin da na faɗa ke nan.

A makon nan Abdul'aziz ya canza mini. Mutumin da ke cika mini waya da saƙo tun asuba, ya koma “Lafiya lau” da “Sai an jima”. Na bi ta shagonsa da gangan, wai zan sayi caja, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Zuciyata ta fara kawo mini abubuwa, kun san halinmu. Na rubuta masa:

“Ina ka shiga ne? Ko an samu sabuwa?”

Bai amsa ba sai bayan magariba. Hoto ya turo na tafin hannunsa, duk ya yi kanta, wani wurin ya fashe. Ƙarƙashinsa ya rubuta:

“Wannan duk naki ne, Malama. Kada ki tambaye ni. Za ki gani.”

Na yi murmushi ni kaɗai kamar wawuya, na ajiye wayar ƙarƙashin matashi.

Ranar Alhamis na sa atamfata mai ruwan ganye, wadda nake ɓoyo don suna da biki, na ɗora hijabi ruwan toka har gwiwa, na goge takalmina da tsumma. Wadda ta koyar da mu a horon, Madam Fa'iza, ita ce kuma mai dubawar. Babbar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya amma ba ta da wulaƙanci. Da ta ji garinmu za su fara zuwa sai ta ce in shigo motarsu. Ni da ban taɓa shiga motar gwamnati ba, na zauna a baya na ƙanƙame jakata.

A hanya ta juyo ta tambaye ni, “Ajin naki da me aka gina shi?”

“Ginin ƙasa ne, Madam. Da ƙofa da taga.”

“Bon. Kin tsira ke nan daga abu na farko. Payot, rumfar kara, ko guda ba na rubutawa, ko da zinari aka ɗaure ta. Doka ce, kuma ni na ga abin da wuta take yi.” Sannan ta ƙara, “In an karɓi jardan, akan duba wadda ta fara shi a ɗauke ta kwantaragi, in dai a garin take zaune. In ba ta nan, sai a turo wata.”

Na ce a nan aka haife ni, a nan nake. Har na fara ba ta labarin raƙumina da tsaka, ta ɗan murmusa. A raina na riga na karɓi albashin, na saya wa Inna sabulu kwali guda na dire mata a gaba.

Tun daga bakin gari na ji guɗa. Na ce ko haihuwa aka yi. Da muka karyo kwana ta wajen rijiya sai na ga jama'a, maza da mata, kowa cikin kayan Salla. A filin da ke gaban gidanmu kuwa ga wata rumfa tsaye wadda ban bar ta ba.

Wallahi ban taɓa ganin rumfa mai kyanta ba. Sabon karan girbin bana ne, fari tas, an jera shi kai ɗaya. Zanar da aka kewaye ta da ita saƙar hannu biyu ce, irin wadda ake yi wa ɗakin ango. Dirkokin duk an fere su, an zuba farin yashi a ƙasa, an rataya fitilar sola a tsakiya da rana tsaka. A ciki ga yarana a jere bisa tabarmi, an shafe su da mai, an rambaɗa musu kwalli, kowa da allonsa a cinya. A bakin rumfar Baba Ɗan'azumi ne cikin babbar riga, kusa da shi Abdul'aziz, hannayensa a baya, yana kallon motar yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Na kalli Madam Fa'iza, na ga ta cire tabarau tana gogewa a hankali.

“Wannan ne ginin ƙasar?” ta ce.

Muka fito, Baba Ɗan'azumi ya taro mu da fara'a.

“Marhabin da manyan baƙi! Madam, ki dibi aikin gayya. Kowane gida ya kawo dami, yaron ga kuma,” ya dafa kafaɗar Abdul'aziz, “shi ya ruhe shagonai yaz zo, shi yas sawo igiya, da hannunai anka ɗaure ta. Munka ce ba mu tarbon mutanen gwamnati cikin tsohon ɗaki mai tsaga, kamar garin babu maza.”

Mata suka sake rangaɗa guɗa. Yara suka miƙe suka rera waƙar gaisuwar da na koya musu, muryoyinsu na rawa. Madam ta tsaya har suka gama, ta tafa musu, ta gode wa kowa da ladabi. Sannan ta ja ni gefe.

“Abin da na gani shi zan rubuta, kuma sai da hoto. Nuna mini ɗakin da kika ce.”

Na yi gaba da sauri, na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin Baba. Na ƙwala wa Inna kira. Ta fito tana gyara lulluɓi, ta kwance makulli daga bakin zanenta ba da son ranta ba, ta buɗe rabi, ta tsaya ta tare sauran da jikinta don kada jama'a su leƙa.

Gado ne mai madubi, a kwance-kwance, an jingina shi da bango. Katifa cikin ledarta. Kabad. Kwanukan samira jere har kusa da rufi, tukwane, kuloli, labule a ninke. Kayan ɗakina ne, waɗanda Inna ta yi shekaru tana tarawa tana ɓoyewa a gidajen 'yan uwa. Da ta ga an fitar da yara sai ta tattaro su wuri ɗaya. Ta kuma sa an yaɓe bangon da sabuwar ƙasa don kada ƙura ta zubo musu. Babu haruffa, babu raƙumi. Ta bayan kabad kawai na hango 'yan yatsun shuni guda biyu da yaɓen bai kai ba.

Madam Fa'iza ta leƙa ta janye kanta. “Wannan ɗakin amarya ne, ba aji ba.”

“Madam, wallahi a nan muke karatu. Ki tambayi yaran.”

“Na yarda da ke. Hoto ne ba ya yarda.” Ta dubi agogonta, ta dube ni. “Za mu Tibiri, mu kwana can. Gobe bayan Juma'a za mu biyo ta nan. In na tarar da ɗakin nan babu komai sai yara a zaune, zan ɗauka. In ba haka ba, ki yi haƙuri, akwai garuruwa da yawa suna jira.”

Ko furar da aka dama musu ba su tsaya sha ba. Mota ta tashi, guɗa ta mutu a bakin mata, kowa na tambayar kowa me ya faru.

Da na yi bayani, Baba Ɗan'azumi ya daɗe yana kallon rumfar. “Yo ajin lakwal ɗinmu ba na kara ba ne? Su mi ya sa ba a hana su ba?” Na ce na ƙanana aka fi tsanantawa, don su ba su iya gudu. Ya tattara babbar rigarsa ya tafi masallaci tun lokaci bai yi ba. Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Na bi Inna har madafa. “Inna, a fitar da kayan nan zuwa gobe kawai. A sa su ɗakinki, ko a tsakar gida a rufe da tabarmi.”

Ta ajiye muciya. “A tsakar gida? Kowa shi gani, kowa shi ƙirga, kowa shi sa baki? Ke ba ki san kayan amarya in sunka taru wuri guda ba a warwatsa su? Haka anka yi ma yayata, anka hidda kayanta don ruwa ya zubo, auren ko wata ukku bai yi ba.”

“Inna, wannan camfi ne.”

“Kira shi abin da kika so. Saniyata na cikin gadon ga, awakina na cikin kwanukan ga. Hanya guda kayan ga ka hita, ita ce hanyar gidan miji. Kuma kaya ba su kwana can amarya tana nan.” Ta ƙulle makullin a bakin zane, ƙulli biyu, a gabana.

Na yi kuka, na yi roƙo, na durƙusa har gwiwata ta yi toka. Na ce ta tuna Husna. Ta ce Husna na da uwa, ita ma ɗiyarta take tunawa. Ba da faɗa ta faɗa ba, idonta ma ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi mini ciwo da a ce zagina ta yi.

Bayan la'asar Abdul'aziz ya yi sallama a zaure. Na fita da hijabin da ya jiƙe da hawaye. Ya zauna nesa kamar kullum, ya sunkuyar da kai, hannayen nan masu kanta a kan gwiwarsa.

“Ban sani ba, Sahura. Wallahi ban sani ba. Kullum kina cewa ba na ɗaukar aikinki da muhimmanci, na ce bari in nuna miki.”

“Ka nuna mini.”

“Kada ki yi mini haka.”

“To me zan ce? In gode? Da ka tambaye ni da kalma ɗaya, da duk wannan bai faru ba. Kai da ba ka sayen caja sai ka gwada ta.”

Na san na soke shi, kuma a lokacin so nake ya ji zafi. Can ya ce zai yi wa Inna magana, ai babu wannan a addini. Na ce ya gwada. Ya shiga ya durƙusa ya jawo mata bayani a hankali, ta saurare shi har ƙarshe don tana jin nauyinsa, sannan ta ce, “Malam, na ji. Amma ɗiyata ce.” Ya fito yana share zufa.

Ya ce zai gina mana ɗakin siminti baɗi. Na ce baɗi wa ya san ko akwai kason. Ya ce a nemi aron ɗaki. Muka zaga da Baba Ɗan'azumi gida-gida kafin magariba. Lokacin girbi ne, duk ɗakin da ba mutum a ciki wake ne ko gyaɗa har baki, sauran kuwa bukkoki ne, su ma kara. Zauren mai gari ne kaɗai, shi kuma ba ƙofa ba taga, hanya ce ta shiga gida.

Da safiyar Juma'a ina shara saƙonsa ya shigo. Vokal ne, muryarsa a dushe.

“Sahura, na yi tunani. Inna ta ce hanya ɗaya kayan ke fita. To hanyar a buɗe take. Sadaki na hannun Baba, ɗakina a shirye yake tun bara. In kin yarda, a ɗaura bayan an sauko Juma'a, ba kiɗa ba taro, ni dama haka na fi so. Na yi magana da mai mota, zai iso kafin azahar ya kwashe kayan. Ɗakin zai zama fanko kafin Madam ta zo. Ba dole nake miki ba. In kin ce a'a, ba zan sake tayar da zancen ba sai kin tayar.”

Na saurara, na sake saurara. Na zauna a kan turmi da tsintsiya a hannu. Shi bai san abin da Madam ta gaya mini a mota ba, cewa sai wadda ke zaune a garin ake ɗauka. Ni na sani. In kayan suka tafi zan bi su a daren, Dutsi kuwa ba nan kusa ba ce da matar aure za ta riƙa zuwa kullum a kan kabu-kabu cikin yashi. In na ƙi, ina nan da ɗakin a kulle, da rumfar da ba zan iya zaunar da yaro a ciki in samu natsuwa ba, da tiyar hatsi, har ranar da iyaye za su gaji su daina turo su.

Ina zaune sai ga Husna ta shigo, ba wanda ya kira ta. Ta wuce sabuwar rumfar ko kallo, ta je ƙofar ɗakin Baba, ta cire 'yan silifas ɗinta ta jera su a bakin ƙofa yadda na koya musu, ta tsaya tana jiran a buɗe.

Na ɗauki waya na rubuta masa: “Turo motar.”

Abin da ya biyo baya kamar a mafarki na gan shi. Inna ta kwance ƙullin nan biyu da hannunta tana kuka tana sa mini albarka. Ta aika aka kira ƙannenta, aka lulluɓe kowane kaya da zane kafin a fitar, don kada ido ya gani. Gado ya fita, kabad ya fita, samira na ƙara a bayan mota. Wata gwaggona ta kama hannuna za ta sa mini lalle, na ce ta bari tukuna, ina da aiki. Na share ɗakin, na shimfiɗa tabarmi. Na jiƙa shuni na sake rubuta haruffa a kan sabon yaɓen, cikin sauri, suka fito a karkace. Raƙumin ban samu lokacinsa ba.

Ina cikin rubutun na ji an sauko daga masallaci, na ji maza sun tsaya a ƙofar gida, na ji Fatiha. Wani yaro ya leƙo ta taga ya ce, “Madam, an ba mu dabino!” Haka na san na zama matar aure, da shuni har gwiwar hannu.

Motar Madam Fa'iza ta iso rana ta fara sanyi. Ta shigo ɗakin, ta dubi rufi, ta buɗe taga ta rufe, ta ƙwanƙwasa bango. Yara na zaune a jere, yau babu kwalli babu kayan Salla, wasu ma da ƙurar wasa a ƙafa.

“Voilà,” ta ce. “Wannan aji ne. Yaya kika yi da uwar taki?”

Kafin in amsa guɗa ta tashi daga cikin gida, doguwa, irin wadda ba a yi wa baƙi. Madam ta saurara. Ta dubi atamfar da ke jikina, ta dubi sawun tayar mota a ƙofar gida, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

“Ina kayan suka tafi?”

“Dutsi.”

“Ke fa?”

“Bayan isha'i.”

Na so ta ce za ta rufe ido, na so ta ce akwai wata hanya. Ba ta faɗa ba, kuma ban roƙe ta ta yi ƙarya ba.

“Zan rubuta jardan ɗin,” ta ce a hankali. “Ina ganin zai samu. Malama kuma za a turo.” Ta ɗaga wayarta, ta ja da baya har bakin ƙofa, ta karkata ta nan, ta karkata ta can. “Sahura, ɗan matsa gefe. Ɗakin da yaran nake so su fito.”

Na matsa. Na fita waje gaba ɗaya na tsaya kusa da silifas ɗinsu, na ji tana ce musu su ɗaga alluna su yi murmushi.

Da motar ta tafi na sallame su ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman takalminsa. Wayata ta yi motsi a hannuna: “An gama jere, Malama. Komai ya yi kyau. Ina jiranki.” Daga cikin gida gwaggona na ƙwala mini kira, lalle zai bushe a kwano.

Husna ce ta ƙarshe. Ta sa silifas ɗinta a juye, na durƙusa na gyara mata. Ta kama bakin hijabina da 'yan yatsunta.

“Madam,” ta ce, “ran Litinin za mu zana raƙumi?”